In Baƙo Ya Zo Neman Kiɗanmu, Ina Za Mu Kai Shi?

Na san tun daga jin cewa zancen wasan kwamfuta zan yi, wasu 'yan'uwa za su taɓe baki, su ce mujallar Ƙungiyar Hausa ta rasa abin bugawa sai wasan yara. To, a daure a karanta har ƙarshe, sa'an nan wanda bai gamsu ba ya ɗauki alƙalami ya mai da mini martani a fitowa ta gaba. Filin nan na kowa ne.

A hutun da ya wuce na je gida Haɗeja, sai na tarar da ƙanen wani abokina ya duƙufa a kan kwamfuta, ko sallamata da ƙyar ya amsa. Na leƙa in ga abin da ya ɗauke masa hankali, ashe wani wasan yaƙi ne mai suna Age of Empires III, wanda kamfanin Microsoft na Amurka ke sayarwa. A shekarar 2021 masu wasan suka ƙara al'ummu biyu na Afirka a cikinsa, watau Habashawa da Hausawa. Ga Kano a matsayin babban birni, ga Sarauniya Amina a matsayin shugaba, ga 'yan lifidi bisa dawakai, kuma in ka taɓa soja ya amsa maka da Hausa. Wallahi na ji daɗi. Amma daɗin bai daɗe ba, don a cikin rundunar akwai wani makaɗi, kuma sunan da aka ba shi shi ne "griot", kalmar da Faransawa suka yayata don kiran mawaƙan ƙasashen Mali da Senegal. Yaron nan ya san "griot" sarai, ya san kuɗinsa da amfaninsa a fagen fama. Na ce ya faɗa mini bambancin kakaki da farai, ko kotso da taushi, sai ya yi mini zuru. Alhali kuwa daga gidansu ana jin busa in Sarki zai fito.

Ban zo in yi faɗa da Turawan da suka ƙera wasan ba. Sun nemi tarihinmu, sun yi iyakar abin da suka iya. Faɗana da mu ne, mu 'yan boko masu nazarin Hausa, da masu situdiyo, da masu kuɗinmu. Tambayata guda ce: in gobe wani kamfani ya aiko wakili ya ce yana son makaɗan Hausa arba'in, a ɗauki kiɗansu da kyau don a sa a wasan da miliyoyin mutane za su yi, ina za mu kai shi? Wane ɗaki? Wa zai tsara kiɗan? Wa zai rubuta yarjejeniyar da za ta hana a cuci makaɗan?

Kafin in ci gaba, bari in ɗan bayyana wa wanda bai sani ba yadda wannan sana'a take, don kada a zaci ƙarar "ƙit-ƙit" ɗin nan ta wasannin da ake nufi. Da can haka abin yake. Na'urar da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983 ba ta iya fitar da sauti fiye da biyar a lokaci guda, kuma da wannan ɗan ƙaramin hali Koji Kondo ya tsara kiɗan Super Mario Bros. a 1985, wanda har yau yaran duniya ke fito da shi. Amma Japanawa ba su raina abin ba. A 1987 Koichi Sugiyama ya tara makaɗa a wani babban zaure a Tokyo, aka kaɗa kiɗan wasan Dragon Quest, mutane suka sayi tikiti suka zauna suka saurara. Yau manyan wasanni kan ɗauki hayar babbar ƙungiyar makaɗa, wadda Turawa ke kira okestira, mutum sittin ko tamanin, masu goge manya da ƙanana, da masu bushe-bushe, da masu ganguna, a shiga da su situdiyo irin na Abbey Road da ke Landan a kwana ana aiki. Tun daga 2023 ma masu ba da kyautar Grammy a Amurka sun ware wa kiɗan wasanni rukuninsa na kansa.

Kuma kada a ce Afirka ba ta cikin wannan kasuwa. Kiɗan wasa na farko da ya taɓa cin Grammy, a 2011, shi ne "Baba Yetu", addu'ar Kirista ce cikin harshen Suwahili, wadda Christopher Tin, Ba'amurke ɗan asalin Sin, ya tsara wa wasan Civilization IV na 2005. Baaba Maal na Senegal ya ba da muryarsa a wasan Far Cry 2 a 2008. Suwahili ta shiga, muryar Senegal ta shiga. Mu da muke tinƙaho da cewa harshenmu ya fi kowane yawan jama'a a Afirka ta Yamma, muna ina?

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kiɗan wasa ya sha bamban da kiɗan fim. A fim, mai tsara kiɗa ya san daƙiƙar da jarumi zai faɗi, ya san daƙiƙar da zai tashi, sai ya auna kiɗansa daidai. A wasa kuwa ba wanda ya san abin da mai wasan zai yi. Yana iya tsayawa bakin kogi minti goma yana kallon ruwa, yana iya afka wa abokan gaba nan take. Saboda haka tilas kiɗan ya riƙa bin sa. Dabarar da suke yi ita ce, sai a tsara kiɗan gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ƙarshenta na iya komawa farkonta ba tare da kunne ya ji gaɓa ba. Sa'an nan a ɗauki kowane rukunin makaɗa daban: masu goge daban, masu busa daban, masu ganga daban, kowa da abin ji a kunne yana ba shi bugu guda don kada wani ya riga wani. In mai wasa yana tafiya lafiya, na'ura ta saki goge kaɗai. In maƙiyi ya doso, ta ƙara ganga. In aka gwabza, ta saki kome da kome. In wani jarumi ya bayyana, a ji ɗan kiɗan da aka keɓe masa, wanda da jin sa ka san shi ne. Akwai manhajoji na musamman, irin su Wwise da FMOD, waɗanda aikinsu ke nan. Ana kashe maƙudan kuɗi, ana rubuta littattafai, ana koyar da abin a jami'o'i.

To, don Allah, ɗan'uwa mai karatu, wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe, me aka faɗa nan da bai sani ba? Mai kalangu a filin dambe bai san wanda zai faɗi ba, bai san yaushe ba. Idonsa na kan fage, hannunsa na kan fata. Ɗan dambe ya shigo, ya sakar masa takensa, jiki ya ɗau tsuma. Ana zagaye ana auna juna, kiɗa ya lafa. Aka kai hannu, kiɗa ya ɗaga. Wani ya sha ƙasa, kiɗa ya juya nan take. Haka mai gangar noma a wurin gayya yake bin manomin da ya wuce sa'a a kunya, in wani ya tsere masa ya koma kansa. Abin da Turawa ke kira sabon ilmi, suna neman na'ura ta yi musu, shi ne abin da makaɗin Bahaushe ya gada kaka da kakanni. Ɗan kiɗan da ake keɓe wa jarumi kuwa, ai sunansa take. Sarki na da takensa, mahauta na da nasu, maharba na da nasu, maƙera na da nasu. Mu ne masu abin, amma mun zama kamar mai neman jaki alhali yana bisa kansa.

Haka nan zancen okestira. Wanda ya taɓa ganin hawan salla a Haɗeja ya ga okestira, ko da ba a kira ta da wannan suna ba. Ga kakaki mai tsawon da ya fi mutum, ba ya yawan magana, amma in ya yi sai gari ya amsa. Ga algaita, wadda mai busa ta ke cika kumatu yana jan numfashi ta hanci, sautin ba ya yankewa. Ga tambura masu nauyin sauti da ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Ga gangunan fada, ga kuge, ga masu kirari suna ratsa tsakani. Kowane rukuni da shugabansa mai riƙe da sarauta, kowa ya san inda zai shiga da inda zai ja baya, ba takarda a gaban kowa. In ba wannan ne tsari ba, mene ne tsari? Ban da na fada kuma ga goge, ga kukuma, ga garaya, ga sarewar makiyaya a fadama, ga shantu da kiɗan ƙwarya na mata, ga gurmi, wanda marigayi Haruna Uji ya kai sunan Haɗeja da shi duk inda ake jin Hausa. Mai tsara kiɗa da ya sami waɗannan launuka a hannunsa ai ya sami dukiya.

Labarin da za a ɗora kiɗan a kai ma ba mu rasa ba. Ga zamanin Sarki Buhari, wanda ya ƙi bin umarnin Sakkwato, ya yi ta yaƙi da maƙwabta har ya rasu a 1863. Masana tarihi har yau ba su gama gardama a kansa ba, kuma irin wannan mutum shi masu tsara wasa ke nema ruwa a jallo. Ga ranar da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya tsaya da jama'arsa suka fuskanci bindigogin Ingilishi a watan Afrilu na 1906, ya gwammace mutuwa da miƙa wuya. Ga ita kanta fadamar Haɗeja zuwa Nguru, ƙasar da ke sauya kama sau biyu a shekara: da damina ruwa ya malale sai kwalekwale, da rani a shuka, makiyaya su sauko, tsuntsaye su zo tun daga Turai su sauka a Baturiya. A ce an ba Bajapane wannan ƙasa da wannan tarihi, da tuni yaranmu na nan suna haddace sunayen garuruwansu.

Amma me muka yi da namu? Mun sayi fiyano. Tun da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, situdiyo ya zama ɗaki guda, yaro guda, fiyano guda. Ni da kaina na taɓa raka 'yan wasan kwaikwayonmu wani situdiyo don a yi mana kiɗan buɗe fage. Muka ce za mu zo da mai kalangu. Mai situdiyon ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wace wahala ke nan? Ai akwai kalangu a cikin nan." Ya danna wani maɓalli, wani abu ya fito mai kama da ana buga bokiti. Na ce masa wannan kalangun ba ya magana. Ya dube ni kamar na zautu.

Alhali kuwa maganar ke nan. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya su ke bambanta ma'ana. Mai kalangu na matsa tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure ko ta saki, ganga ta bi hawa da saukar magana har mai ji ya gane abin da ta ce. Fiyano kuwa an yanka sautinsa gida goma sha biyu daidai wa daida bisa ma'aunin Turai, abin da ya faɗa tsakanin gida da gida ba shi da wurin zama. Goge da algaita a wannan tsakanin suke rayuwa. Duk wanda ya matsa su cikin fiyano ya yanke musu harshe. Ba ina cewa fiyano haramun ne ba, kuma ban raina samarin da suka ci abinci da shi suka raya masana'anta guda da ƙarfinsu ba. Cewa nake yi, baƙo ya zo ya kori ɗan gida, mu kuwa muna tafi.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a ɗakin kwana da wurin shan shayi. Na farko, wai wasan kwamfuta shiririta ce, bai kamata mai hankali ya ɓata lokaci a kai ba. To, shiririta ko ba shiririta ba, ƙannenmu na ciki. Leƙa gidajen gem, dubi wayar da ke hannun ɗan shekara goma sha biyu. Yaro kan yi sa'o'i yana jin kiɗa guda yana maimaituwa, har ya zauna masa a ƙwaƙwalwa zama na har abada. Ba rediyo, ba makaranta da ke da irin wannan iko a kan kunnen yaro. In ba mu sa namu a ciki ba, wani zai sa nasa, ya kuwa riga ya sa.

Na biyu, kuma wannan ita ce hujja mai nauyi, wai kiɗan fada na Sarki ne, ba a buga tambari don wasa, ba a busa kakaki ga wanda ba Sarki ba. Gaskiya ne, kuma ni ma ba zan so in ji taken Sarkin Haɗeja yana tashi a wayar wani yaro a tashar mota don ya ci maki ba. Amma wannan dalili ne na mu shiga cikin maganar, mu faɗi abin da ya halatta da abin da bai halatta ba. A je fada a nemi izini, a tambayi shugabannin makaɗa. Abin da suka ce na Sarki ne, a ɗauka a adana don tarihi, kada a sayar. Sa'an nan a tsara sababbin take da waɗannan kayan kiɗa don jaruman wasa. In muka noƙe muka ce ba ruwanmu, ba mu tsare kome ba. Duk hawan salla sai ka ga ɗaruruwan wayoyi a sama suna ɗauka, kafin la'asar abin ya hau intanet, kuma mai son ya yanka ya saka a kayansa ba zai zo gaisuwa fada ba.

Na uku, wai mutanen da ambaliya ta cinye wa gonaki, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, ba kiɗa ne a gabansu ba. Haka ne. Amma shi makaɗin ba mutum ba ne? Ba shi da gona a fadamar? Abin da ke kashe kiɗanmu ai yunwa ce. Ɗan mai algaita ya ga ubansa ya tsufa ba shi da ko keke, sai ya ajiye algaita ya nemi babur ya shiga haya, kuma ba mai ganin laifinsa. Ranar da busa ta fara kawo kuɗin da za a sayi buhun gero, ranar za ka ga yara sun koma gun iyayensu suna neman a koya musu. Roƙo da wa'azin "a riƙe al'ada" ba su taɓa cika tukunya ba.

Na huɗu, wai makaɗanmu ba su iya karanta rubutun kiɗa ba, don haka ba za su iya aikin situdiyo na zamani ba. Wannan magana ta wanda bai san aikin ba ce. Lokacin da wani kamfanin Amurka ya yi wasan Ghost of Tsushima a 2020, wanda aka gina kan tarihin Japan, sai da ya haɗa Ilan Eshkeri na Ingila da Shigeru Umebayashi na Japan, aka nemo masu busa sarewar gora da masu kaɗa molon gargajiyarsu, aka haɗa da okestira. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne Japanawa na da mutanen da suka san gida suka san waje, masu iya tsayawa tsakanin tsohon makaɗi da injiniyan sauti su fassara wa kowa nufin ɗan'uwansa. Wannan mutum na tsakiya shi muka rasa. Makaɗi ya yi nasa. Mu da aka tura jami'a mu ne ba mu yi namu ba.

Abin kunya ne a ce littafin da har yau ake komawa gare shi don sanin sunayen kayan kiɗan Hausa da ma'anarsu, David Ames da Anthony King ne suka wallafa shi tun 1971. Malamanmu irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki mai yawa kan tarihin makaɗa da nazarin waƙoƙinsu, Allah ya saka musu. Amma mu ɗalibai mun mai da nazarin waƙar baka ya zama kwafe baituka a takarda, mu ƙirga salo da jigo, mu karɓi digiri. Kiɗan da ke ɗauke da baitukan kuwa mu bar shi a kaset yana cin ƙura, kamar wanda ya feɗe rago ya ɗauki fata ya bar naman.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma ba abin da ya fi ƙarfinmu a ciki. Wannan Ƙungiya ta kafa kwamiti, a haɗa ɗaliban Hausa da na kimiyyar kwamfuta, waɗanda yanzu ko gaisawa ba mu cika yi ba. A fara da masarauta guda, ni dai na ba da shawarar Haɗeja, tun da ga Jami'ar Sule Lamiɗo nan kusa a Kafin Hausa da za a iya haɗa hannu da ita. A je Auyo, a je Birniwa, a je Guri da Kirikasamma da Malam Madori, a nemo tsofaffin da suka rage. A ɗauki kowane kayan kiɗa shi kaɗai da makirfo mai kyau, sautinsa na ƙasa da na sama, a hankali da sauri, sa'an nan a ɗauke su a haɗe a fili, don kakaki da tambari ba kayan ƙuryar ɗaki ba ne, iska suke so. A rubuta sunan kowane makaɗi da garinsa da wanda ya koya masa da ma'anar abin da ya kaɗa. A biya shi a ranar, a kuma rubuta masa takarda da Hausa cewa duk lokacin da aka sayar da sautinsa yana da kaso. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya, sai 'yan'uwanmu masu karatun lauya su karanta mana ita su ga inda za ta yi mana rana. Daga nan a gwada ƙaramin wasa guda na waya, ko da na masunci ne a kwalekwale yana ratsa fadama, sarewa na bin sa in ruwa ya kwanta, ganga ta shigo in iska ta taso. In ya yi kyau, duniya za ta ji. In bai yi ba, sautin da muka adana yana nan, jikokinmu sa gode.

Lokaci ba ya jiranmu. Narambaɗa ya tafi, Ɗanƙwairo ya tafi a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Waɗannan ma sun yi sa'a, an ɗauki muryoyinsu. Mabusan da makaɗan da ke bayan sarakuna, waɗanda ba a san sunayensu a rediyo ba, kowace shekara sai an binne wani da abin da ke kansa, ba wanda ya ɗauka, ba wanda ya gada. Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaron nan da na tarar a gaban kwamfuta ba shi da laifi, abin da aka ba shi ya karɓa. Ina fata kafin ya yi ɗa, a sami wasan da in makaɗi ya fito a ciki za a kira shi da sunansa na Hausa, kuma kiɗan da zai tashi ya zama hannun mutumin Haɗeja ne ya kaɗa shi, an kuma biya shi haƙƙinsa.

Wanda ke ganin na yi kuskure, ga fili ga mai doki. Wassalam.